Ranar da Na Sa wa Jarumin Fim Zarto a Tibiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban ɗalibai da malamai da iyayen yara a wata makaranta ta Tibiri ba, zarto a hannuna, ina murmushi irin na wanda ya san abin da yake yi. Har yau idan na tuna murmushin nan sai kunya ta kama ni.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, kimiyya nake koyarwa, kuma ina da halaye biyu da maiɗakina ta gaji da su. Na farko, ina tara fastocin tsofaffin finafinai, irin manyan takardun nan masu zane da ake mannawa a ƙofar gidan kallo da can. Na biyu, idan abu ya lalace ba na iya barinsa sai na gano yadda aka yi ya lalace. (Na taɓa kwance rediyon surukina don in ga abin da ke sa shi tari. Ba mu sake tayar da zancen ba.)

Wata shekara wani abokin karatuna da ke zaune ƙasar waje ya aiko mini da fasta ta gidan waya. Ta sauka Yamai, ƙanena ya karɓa ya ba direba, direba ya ba wani direban. Da ta iso hannuna sai na ga an ninke ta cikin ambulan mai laushi, tsakiyarta ta tsage, gefe guda ya jiƙe da mai har fuskar jarumar ta yi garau kamar takardar da aka ƙunshe ƙosai.

Wani zai yi baƙin ciki ya haƙura. Ni kuwa na shimfiɗa ta a tabarma na shiga bincike. Na shinshina man, na tabbatar na gyaɗa ne. Na ga wani tabo mai tsaga biyu a kusurwa, na auna shi da kofaton tunkiyarmu, ya yi daidai. Washegari na je tasha ina tambayar inda aka ajiye ta cikin mota. Direban, mutum mai haƙuri, ya ce ƙarƙashin jarka ya sa ta don kada iska ta ɗauke, kuma lallai akwai rago a wajen. Na dawo gida da farin ciki kamar na tsinci wani abu.

"To, ka gano?" in ji maiɗakina.

"Na gano. Ba laifin kowa ba ne, laifin ƙunshin ne."

"Ta gyaru ke nan?"

A lokacin hankalina ya riga ya tafi wani wuri: wane irin ƙunshi ne zai kai takarda daga gari zuwa gari ba tare da mai ko rago ko ruwa sun taɓa ta ba?

Na gwada kwali, ya lotse. Na gwada faranti biyu na katako, gefen takardar ya lanƙwashe. Daga ƙarshe na faɗa kan tiyo, wato bututun roba mai kaurin nan na masu aikin famfo. Ka naɗe takarda, ka zura, ka sa murfi a kowane baki. Na sa tsohuwar jarida a ciki na jefo shi daga kan soro. Na roƙi mai amalanke ya bi ta kansa da jakinsa. Na nutsa shi cikin randa. A nan ne kawai na ga ƴar laima ta shiga ta bakin murfi, sai na riƙe wannan a raina.

Ana nan sai Haruna ya kira ni. Haruna abokina ne tun muna makarantar horon malamai, yana koyarwa a Tibiri. Ya ce za su yi bikin al'adu na ƙarshen shekara, yana so ya nuna wa yara yadda ake kallon fim kafin zuwan wayar hannu, ko zan ara masa fasta mai kyau. Na ce ai nawa ba su kai girman nuna wa taro ba, amma na san inda babbar take.

Babbar tana ɗakin Inna Rahila, maƙwabciyarmu, dattijuwa mai sayar da sabulu kusa da coci. Mijinta, marigayi Baba Bitrus, shi ne ya riƙa yawo da injin majigi ƙauye-ƙauye yana nuna fim a jikin farin ƙyalle. Abin da ya rage mata na sana'arsa fasta ce guda, mai faɗi, ta wani tsohon fim ɗin Indiya: jarumi a kan doki ya ɗaga kai, jaruma a gefensa, wuta na ci a bayansu. Zanen hannu ne, launinsa bai dushe ba. Na daɗe ina zuwa gaishe ta don in kalle ta kawai, ita ma ta sani.

Da na faɗa mata buƙatata sai ta dubi bangon da fastar take manne.

"Ɗana, wagga takarda ba ta taɓa kwana waje ba tun da Bitrus ya tahi."

"Inna, in dai a hannuna ne, ko ƙuda ba zai sauka kanta ba. Kuma ke ma sun gayyace ki, ki ba yara labarin Baba."

Wannan ne ya sa ta yarda. Ta ciro ta da kanta ta miƙa mini.

Yanzu ga inda gaskiya take. Tunda ni da Inna za mu je Tibiri ranar bikin, ba abin da zai hana in riƙe fastar a cinyata cikin mota. Amma na ce wa kowa Haruna yana buƙatarta da wuri don ya shirya wuri. Ainihin dalili kuwa, ina so in ga ko tiyona zai ci jarrabawa a kan hanya ta gaske. (Haka ne, da dukiyar marigayi na yi gwaji. Na sani.)

Na naɗe ta daga gefe zuwa gefe a hankali, na sa ta cikin leda, na zura. Tiyon ya ɗara ta tsawo da kamar taƙi guda, sai na tura ta ƙarshen baki ɗaya, na cike sararin da ya rage da auduga. Da na tuna laimar randa, sai na ɗauko gam ɗin masu famfo, wanda idan ya kama roba da roba sai su zama abu guda, na shafe murafen biyu na danna. Na yi tunanin buɗewa kuwa, kada ku ce ban yi ba: za a yanke ta bakin da audugar take. Don haka na ɗauko alli daga aljihuna na zana babbar alama a wajen.

Alli. Ni da nake goge shi da tafin hannu kullum a allo.

Na kai tasha na ba direba, har na ce masa ya sa shi inda ya ga dama, ko ƙarƙashin rago ne. Da yamma Haruna ya kira ya ce saƙo ya iso lafiya, amma ya murɗa murfin ya ƙi, mai gadi ya murɗa ya ƙi, har malamin wasanni ya gwada. Na yi dariya na ce su bar shi sai na zo. Shi kuwa sai ya ce to ai shi ke nan, za a mayar da buɗewar wani ɓangare na biki, in buɗe a gaban jama'a. Na ji daɗin wannan shawara fiye da yadda ya kamata.

Ranar biki Inna Rahila ta sha zanenta na zuwa coci, aka zaunar da ita a layin gaba kusa da direktan makaranta. Ta yi magana mai daɗi. Ta ba yara labarin yadda mutanen wani ƙauye wajen Dogon Kiriya suka watse da gudu ranar da jirgin ƙasa ya taho cikin ƙyalle, da yadda wata tsohuwa ta kawo wa jarumar fim fura don ta ga tana ta kuka. Yara suka yi ta dariya. Sannan Haruna ya kira ni, aka ɗora tiyon a kan tebur.

Ban tsaya ga buɗewa kawai ba, sai da na yi lacca. Na ba su labarin man gyaɗa da kofaton rago. Na bayyana gwajin soro da na amalanke da na randa. Na ɗaga tiyon na nuna musu ƙurar hanya da tabon taya a jikinsa, na ce duk wannan bai kai ga abin da ke ciki ba. Sai na juya shi don in nuna alamar alli.

Babu alama. Na juya ɗaya bakin. Babu. Allin ya goge tas, bakunan biyu iri ɗaya kamar tagwaye.

A nan ne mai hankali zai ce a ba shi lokaci, ya koma gefe ya huda murfin da ƙusa ya leƙa. Amma idanu sun yi mini yawa, kuma yanzun nan na gama cika baki. Na ƙwanƙwasa wannan baki na kara kunne, na ƙwanƙwasa wancan. Na ɗora shi a yatsa in ga inda ya fi nauyi. Gaskiya ban ji wani bambanci ba, amma na gyaɗa kai kamar likita.

"Mushe, ka tabbata?" Haruna ya raɗa mini. (Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu, kodayake a ranar ɗaya ma'anar ta fi dacewa da ni.)

"Sauti ba ya ƙarya," na ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Nan ne sararin yake."

Aka kawo zarto. Na auna kamar rabin taƙi daga murfi na fara yanka. Garin roba fari ya riƙa zuba a tebur. Can sai na ga garin ya fara sauya launi, ga ja, ga rawaya, ga shuɗi. Abin mamaki, maimakon in tsaya, sai na tsinci kaina ina tunanin me zai sa farar roba ta fitar da launi. Hannuna kuwa bai daina aiki ba. Kafin amsar ta iso kaina, bakin tiyon ya faɗi ƙasa, wani dogon zirin takarda ya zubo daga cikinsa ya warware a hankali har gaban takalmin direkta.

A jikin zirin akwai idanu huɗu suna kallon sama.

Haruna, don ya cece ni ko don ya ƙarasa ni, ya zaro sauran ya buɗe. Ga doki lafiya lau, ga wuta na ci, ga jarumi da gashin baki da ƙirji, amma daga hanci zuwa sama babu komai. Jarumar ma haka. Wata yarinya a baya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ya yanke musu kai." Daga nan dariya ta ɓarke, har da iyaye masu rufe baki da gyale.

Ni ba dariyar ce ta dame ni ba. Inna Rahila nake kallo. Ta tashi a hankali, ta sunkuya ta ɗauki zirin, ta karkaɗe garin roba da gefen zanenta, ta naɗe shi a yatsunta. Ta dube ni ba fushi a fuskarta, abin da ya fi fushi ciwo.

"Bitrus ya yi yawo da ita bisa amalanke, cikin ruwa da rana, ba abin da ya same ta," ta ce. "Sai yau da ta samu mai tsaronta."

Muka hau mota muka dawo Dogon Dutsi. Na ba ta haƙuri a tasha, na sake ba ta a ƙofar gida. Ta ce in je in huta. Ban huta ba. Na kasa cin tuwo, maiɗakina kuwa ta yi mini alherin da ba ta taɓa yi ba, ba ta yi mini gori ba.

Bayan ƴan kwanaki Inna ta aiko a kira ni. Na tarar ta shimfiɗa farin ƙyalle a tabarma, ta dama ƙaro a kwano. Ashe guntun ƙyallen majigin Baba ne da ta adana. Ta ce haka yake gyara fastocinsa idan sun yage, a manna su a kan yadi. Muka durƙusa mu biyu, tana shafawa ina jerawa. Sai dai zarto ya ci rabonsa, don haka da muka haɗa sama da ƙasa, hancin jarumin ya gajarce, idanunsa suka sauko kusa da gashin baki, ya koma kamar mai jin warin wani abu.

Inna ta ja da baya ta ƙare masa kallo. Sai na ga kafaɗunta suna rawa.

"Wallahi yanzu ya hi kama da Bitrus," ta ce, tana share ido. "Haka yake yi in na sa daddawa ta yi yawa."

Na so in tambaye ta ko dariya ce kaɗai ta kawo hawayen, amma karo ɗaya a rayuwata na bar tambaya a cikina.

Fastar tana nan a bangonta, da layi a tsakiyar fuska. Yaran Tibiri kuwa, idan suka shigo kasuwar Dogon Dutsi suka hango ni, sai in ji ana cewa ga Mushe Zarto nan. Ina amsawa, don na ci sunan. Abin da na koya shi ne, duk abin da zan rufe yanzu, sai na fara tambayar kaina ta ina za a buɗe shi, kuma wa zai buɗe. Idan amsar ta zama ni ne, sai in nemi wani.