Siniyar da Ta Tona Mini Asiri

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanin matata ba.

Shekara uku ina fama da ciwon wuya. Da na gaji da ƙaho da shafe-shafe, na je asibiti a Kamlin. Likitan, maimakon allura, sai ya ba ni takarda mai zane: in ja haɓa baya, in juya kai dama da hagu a hankali, kullum da safe. Sau ɗaya na gwada. Matata Hajara ta leƙo ta ce na yi kama da zakara yana shan ruwa. Ranar na cusa takardar ƙarƙashin katifa. (Duk komawata kuwa ina ce wa likita, "Kullum nake yi, diktor.")

Ranar biki samari suna ɗaukar siniya, babban faifan abincin nan, a ka zuwa rumfar maza. Ni da furfurata na ce a ɗora mini mafi girma, don dangin Hajara su san ba ta auri raggo ba. Taku goma na yi, wani ya kira sunana daga hagu. Na waiga, wuyan ya ce ƙas, ya ƙi dawowa.

Ƙafafuna suna nufin rumfar maza, fuskata na kallon rumfar mata, daidai inda surukata take zaune. Matar da shekara ashirin ban taɓa haɗa ido da ita ba, saboda kunya! Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ɗago, har yanzu ina nan na zuba mata ido, miyar kuɓewa na bin ƙeyata. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Wanda ya sauke mini siniyar likitan ne, ashe abokin ango ne.

"Ya zol, mutumina, ashe haka kake yi kullum?" ya ce, yana danne dariya.

Nan ya zaunar da ni bisa tabarma, ya sa mini tsumma mai ɗumi, ya sa na yi ta jan haɓa, gari duka na kallo.

Yanzu ko ranar sallah ba na fashi, wuyan ma ya yi sauƙi. Na gane gara Hajara ta yi mini dariya a ɗaki da uwarta ta yi mini a rumfa.