Ranar da Dangin Matata Suka Ga Sanƙona

Ba zan taɓa mantawa ba da Alhamis ɗin da na ƙwace wayar ɗiyata Hauwa'u, ko da kuwa tsufa ya sa na manta hanyar gidana.

Sai na fara tona wa kaina asiri kafin ku gane zancen. Ina da sanƙo, kuma ba ɗan ƙarami ba. Nawa in rana ta haska shi, mai keke napep daga tashar jirgin Kaura Namoda sai ya kare idonsa. Shekara goma sha biyar ina ɓoye shi ƙarƙashin hula. Daga matata sai wanzamina suka san halin da ake ciki (shi ma wanzamin tausayi yake yi, sai ya kaɗa aska a iska ya ce an gama).

Ana gobe ɗaurin auren ƙanwar matata a Zurmi, na dawo daga kasuwar hatsi bayan La'asar, na tarar da Hauwa'u tsakar gida ta ɗaga waya sama, tana juya hannu tana surutu ita kaɗai. Ashe lallen biki take nuna wa 'yan'uwan uwarta. Ni kuwa a unguwarmu an san ni da wa'azin waya. Ko suna aka gayyace ni, sai na ce wayoyi sun lalata yaran zamani. Na yi wuf na fizge ta.

"Baba, don Allah bari in kashe..."

"Ba ki kashe komi! Wayag ga ta shiga kurkuku sai bayan Sallah."

Na shige ɗaki na turo ƙofa, ina huci kamar wanda ya kama ɓarawon akuya. Da na dubi wayar sai ga fuskata a ciki. Na kai yatsa don in kashe, ban san abin da na taɓa ba, sai kawai ga suma ta tsiro mini a cikin hoton! Baƙa wuluk, mai sheƙi, har da tsaga a gefe. Sai dai hula ta tsaya mata a hanya.

Jama'a, na waiga hagu, na waiga dama, na tuɓe hula.

Na juya kai nan, na juya can. Na shafa sanƙon ina kallon yatsuna suna ratsa gashin da babu shi. Na ce, "Kai, Alhaji! Ashe haka kake? Da uwar Hauwa'u ta gan ka haka, da tuwo da man shanu har abada." Har 'yar waƙa na yi wa kaina ina kaɗa kafaɗa. Wasu 'yan jajayen zukata suna ta tashi a gefen gilashin, na ce oho, ado ne na masu waya.

Washegari muka isa Zurmi. Tun daga bakin layi yara ke nuna ni suna dariya, matasa na miƙo hannu biyu, har wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Shi ne wanga?" Na gyara babbar riga, na ce a raina lallai mutunci ba ya ɓuya.

Bayan an shafa fatiha aka ce in yi wa jama'a 'yar nasiha. Abin nema ya samu. Na miƙe gaban surukina, dattijon da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na fara: "Iyaye, mu ji tsoron Allah game da wayoyin ga! Yaro ya zauna yana yi wa gilashi murmushi kamar taɓaɓɓe. Ni jiya-jiyan nan na ƙwace ta ɗiyata, ko kallonta ban yi ba!"

Sai Sanusi, ƙanen matata (wanda shi ya saya wa Hauwa'u wayar, kuma bai taɓa raga mini ba), ya ɗaga hannu.

"Yaya, gaskiya ka faɗi. Amma wanga taɓaɓɓen, ko ka san shi?"

Ya ɗaga wayarsa ya ƙure murya. Sai na ji kaina, tar, ina cewa, "Kai, Alhaji! Ashe haka kake?"

Ashe kai tsaye yarinyar take magana da dangi lokacin da na fizge. Duk abin da na yi, Zurmi ta gani, an tura Shinkafi, har wani direba ya ce a Galadi ya kalla. Mafi muni, duk sanda na sunkuya sai sumar ta ɓace, sanƙon ya yi wal, in na ɗago ta dawo.

Wurin ya kece. Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Ango har da riƙe ciki. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Surukina bai ko murmusa ba. Ya jira aka lafa, ya ce a hankali, "Ku bar shi. Uwar Hauwa'u ta gani, ta ce a faɗa mishi man shanun na nan tahe." Nan aka sake sabon lale.

Da muka koma gida na kira Hauwa'u, na miƙa mata wayar da ladabi kamar mai kai gaisuwar surukai.

"Uwata, goge min abin ga."

"Baba, nawa na goge tun jiya a wayar Inna. Na mutane fa? Ai na ce ka bari in kashe."

Yanzu kullum bayan La'asar muna zama, tana koya mini inda ake taɓawa, ni kuma ina tambayarta su wa take magana da su, tana faɗa mini. Abin da tsawa ba ta ba ni ba, sanƙo ya ba ni. A kasuwa kuwa sunana ya koma Alhaji Mai Suma, har hular nakan tuɓe in sha iska, tunda ba sauran abin ɓoyo.

Shawarata ga iyaye: ku ci gaba da sa ido kan wayar yara. Amma in yaro ya ce "bari in kashe," don girman Allah ku bar shi ya kashe.