Yadda Aka Rufe Manhaja Don Sarki Ya Buɗe

A shekarar da rani ya ƙi ƙarewa a Dajin Ƙirya, tafkuna suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Jakuna, waɗanda su ne talakawan ƙasar, suka koma yini suna yawo da busasshen maƙogwaro, suna haƙuri kamar yadda suka saba.

Abin dogaronsu shi ne wata manhaja mai suna Ina Ruwa, wadda Bushiya da abokanta ƙananan dabbobi suka rubuta a gindin wata tsamiya. Buɗaɗɗiya ce, ba ta da mai ita. Kowa na iya leƙa cikinta, ya kwafa, ya gyara. Sai dai ta samu tangarɗa: duk wanda ya tambaye ta ruwa sai ta tura shi Tafkin Gauraka, wanda ya daɗe da zama filin ƙwallon ƙadangaru. Bushiya ta kira taron masu rubuta manhaja, irinsa na farko a dajin, don a haɗu a gyara kafin jakuna su fara faɗuwa.

Baiwar Allah, don ladabi, sai ta kai wa fada goron gayyata.

Majalisa ta zauna. Kura, Ministar Bukukuwa da Yanke Ƙyalle, ta miƙe tana gyara mayafi.

"Allah ya ja zamanin Sarki, an gayyace ka ka buɗe taro ka buɗe manhaja. To amma da bakinsu suka ce a buɗe take. Wa ya buɗe ta? Da izinin wa? Yaya Zaki guda zai taso da ayarinsa ya buɗe abin da yake buɗe? Wannan raini ne."

Bushiya ta yi bayani cewa buɗewar tasu irin ta rijiyar unguwa ce, kowa da gugansa. Kura ta dafe ƙirji, ta ce wannan gwamnati mai ƙaunar talakawa ba za ta bar rijiya ba murfi 'ya'yan jama'a su riƙa faɗawa ba. Aka tafa. Nan take aka zartar a rufe manhajar har ranar da Sarki zai buɗe ta, aka raɗa masa kalmar sirri a kunne.

Aka yi ta ɗage ranar, domin ankon ministoci bai fito daga wurin tela ba. Da ta zo, manya suka cika rumfa, masu rubuta manhaja kuwa aka jera su a rana can baya. Kura ta karɓi lasifika ta yi alkawarin tafki a ƙofar kowane jaki, da wani ƙarami na wanke kofato.

Wani tsohon jaki mai suna Duna ya sunkuyo wajen Bushiya.

"'Yar nan, jikata tun jiya ba ta ga ruwa ba. Da suka rufe, har da wadda ke wayarki suka rufe?"

"A'a, Baba. Ta fada suka rufe. Kowannenmu na da tasa."

"To me muke jira a nan?"

Kunya ta kama Bushiya. Ta sulale, ɓeraye abokan aikinta suka bi ta, jakuna suka bi ɓeraye. A gindin tsamiya aka yi taron gaske, ba rumfa ba uban taro. Aka yi musu, aka gano tangarɗar, aka gyara, garke ya nufi wata ƙorama da ke bayan dutse.

Can a fili, Zaki ya yanke ƙyalle, ya yi ruri ya faɗi kalmar sirrin a lasifika don kowa ya shaida. Manhaja ta buɗe. Ya juyo karɓar tafi, ya tarar daga ministoci sai kujeru. Rurin kuma ya busar masa da maƙogwaro.

"A tambaye ta ina ruwa," in ji shi.

Manhajar fada, wadda ba wanda ya taɓa ta tun da aka rufe, ta ce Tafkin Gauraka.

Ayari ya tafi da jiniya. Ƙadangaru suka dakatar da wasa, suka yi ta gyaɗa kai. Sarki ya dubi ƙasar da ta tsattsage, ya daɗe yana dubanta, sannan ya juyo ya dubi Kura.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ko a ɗaura ƙyalle ka buɗe tafkin?"

Zaki ya lashi leɓe. Sauran ministocin suka matsa daga kusa da ita.