Firijin da Na Bar wa Ɗanjuma Ajiya

Ba zan taɓa mantawa da shekarar nan ba, amma kada ku tambaye ni lambarta, ban yi boko ba. Bayan gobarar tsohuwar kasuwa ne, sojoji ba su kai ga miƙa wa farar hula mulki ba, kuma a daminar ne 'yata Talatu ta yi haihuwar fari. Lokacin ina Gada Biyu ina tuyar masa, kuma duk wanda ya ci masata ya san babu irinta a Jos (har gobe ma ba a yi ba).

Talatu tana aure a Daɗin Kowa, gidan ma'aikata. Wata rana na je gaishe su, sai uwar mijinta ta kawo min ruwa a kofin gilashi, ta ce, "Ki sha a hankali, na firiji ne, kada ya kama miki haƙori tunda ba ki saba ba." Na sha, na yi godiya, har da murmushi. Amma tun a hanya na rantse sai matar nan ta sha ruwan sanyi a ɗakina.

Ina ɗaukar adashi na wuce kantin Ɗanjuma mai kayan wuta. Kanti cike, kwalaye har rufi, ga wani firiji fari tas a bakin ƙofa. Na biya lakadan. Ɗanjuma ya ce, "Mama, ga shi nan, bari a ɗora miki a amalanke yanzu."

Na ce, "Wannan da kowa ya shafa? Allah ya kiyaye. Ka ajiye min ɗaya cikin na kwali, sai ranar suna zan aiko."

Ya ce to da sauri. (Saurin nan ya isa ya tsorata mai hankali, amma ni lokacin ina can ina hango fuskar surukar Talatu.) Dabarata ita ce, Talatu ta dawo gida goyon ciki, a gidana mata za su taru, to a gaban kowa nake so a sauke shi daga mota.

Maƙwabciyata Ladi mai kunu ta ce, "Yaya, abin da kika biya ki kawo shi gida mana."

Na ce, "Ke Ladi, in aka shigo da shi yanzu kowa yana kasuwa, wa zai gani? Kaji?"

Ranar suna gida ya cika. Na sha leshi, na kafa ɗauri kamar zai taɓo sama, na ɗauki hayar a-kori-kura, na zuba Ladi da wasu mata a baya saboda guɗa. Kafin mu fita na leƙa wurin surukar na ce, "Ku ɗan jira, yau za ku sha mai sanyi."

Muna isa muka tarar da cincirindo. Ƙarti suna ta fitar da kaya suna lodawa a babbar mota, ga ma'aikacin kotu a tsaye, ga wata Bayarabiya mai jiki da ake kira Alhaja, wadda ashe ita ke ba Ɗanjuma kaya bashi daga Ikko. Shi kuwa gogan, an ce ya tafi gaisuwar mutuwa Kafanchan, har yau bai gama gaisuwar ba.

Na kutsa na ce, "Ku dakata! Akwai firijina a ciki."

Alhaja ta ce, "Iya, wane firiji? Ni na kawo, shi bai biya ni. Kaya nawa ne."

Na ce, "Ni na biya! Ke da kika ba shi bashi ki je ki neme shi."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin ba shi kuɗi, kin tafi gida hannu biyu. To ke ma bashi kika ba shi, Iya. Ni da ke duka ɗaya."

Ma'aikacin kotu ya sa baki, yaro mai ladabi, ya ce, "Mama, in an ware naki an sa masa alama, sai mu duba maganar. Wanne ne?"

Nan fa ɗaya. Ban taɓa nuna wani na ce shi ne ba. Amma mata suna bayana, gari yana kallo, ni kuwa ba a kayar da ni a magana. Na hango wani ƙaton kwali a kwance, ya fi kowanne sabunta, na nuna shi na ce, "Wannan ne! Ko a mafarki na san shi. Wanda ya isa ya ɗaga ni!" Na gyara zane, na juya, na zauna da dukan nauyina.

Jama'a, babu komai a ciki. Ashe duk kwalayen nan iska Ɗanjuma ya jera don kanti ya yi kyan gani. Sai ji na yi ɓurum, na nutse, ƙafafu a sama, ɗauri ya yi gabas, takalmi ɗaya ya yi yamma. Wata daga cikin matana da ke can baya, ba ta ga abin da ya faru ba, ta ji hayaniya ta ɗauka na ci nasara, sai ta rangaɗa guɗa.

Alhaja ce da kanta ta kama hannuna ta jawo ni, tana dariya har da hawaye, tana cewa, "Sannu Iya, sannu, kin samu naki." Ina kakkaɓe leshi ina kallo aka ɗora firijin bakin ƙofa a motarta, shi kaɗai ne dama a kantin, wanda na ce kowa ya shafa.

Muka koma da a-kori-kura wayam. Surukar ta ce, "Ina mai sanyin?" Na ce randa tana nan bayan ƙofa. Kafin a raba tuwo Ladi ta gama ba kowa labari, har da kwatanta ƙafafun.

Daga baya kotu ta sa ni a layin masu bin Ɗanjuma bashi, aka raba ɗan abin da ya rage, rabona ya faɗo a kan fanka. Fanka a Jos, garin da muke kwana da bargo! Jikoki suka mayar da ita abin wasa.

Tun daga ranar, ko allura na saya ba na barin ta ta kwana a kanti, kuma ba na zama kan abin da ban ƙwanƙwasa ba. Alhaja ta rasu, mun ma zama ƙawaye kafin nan, surukar Talatu ma ta riga mu, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka ga abin da idonsu saura ni da Ladi, tana Jos Jarawa wurin ɗanta. Ta manta sunayen jikokinta, amma ranar da na je duba ta, tana ganina ta fashe da dariya.