Ranar da Na Tsare wa Akokan Gida

Shekarar da aka rufe ramin yuraniyom na Akokan, mai tsaron gidan ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa ya tafi haƙar zinariya. Aka ce in zaɓo sabbin ƴan wasa uku cikin ɗaliban lise, wato babbar sakandare, tunda na taɓa sharhin ƙwallo a rediyo. Mako biyu ina auna gudunsu da agogo, ban nemi shawarar kowa ba. Na kawo ƴan wasan gaba uku, kowanne kamar barewa.

Ranar karawa da ƙungiyar garin Cirozerin, mai horarwa ya dube su, ya dube ni.

"Malam, wa zai tsaya a raga?"

Ni aka sa wa safar hannu. Ƙwallo bakwai suka wuce ni.

Har yau, in na doso kasuwa, mai shayi kan ɗaga murya: "Ku ba Malam hanya, shi ma bai taɓa tare kowa ba!"