Doguwar da Ta Kusa Raba Ni da Aure

Ba zan taɓa mantawa ba da bazarar da na karye a ƙafa, ba don zafin karayar ba, sai don abin da zaman ɗaki ya ja mini. Ni ma'aikacin kula da dabbobi ne a Dogon Dutsi, allurar shanu da awaki ce sana'ata (shi ya sa ake ce mini Likita, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba). Ina dawowa daga Sukukutane a kan moto, wato babur, yashi ya riƙe tayar gaba, sai ga ni a ƙasa, ƙafa ta juya inda Allah bai nufe ta ba. Maɗori ya ɗaure ta, ya ce kada in kuskura in taka sai ya ba da izini. A lokacin saura 'yan watanni a ɗaura mini aure da Rakiya.

To ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a masallaci ana sallamewa nake fara laluben takalmi. Sai ga ni a kan katifa, daga safe har yamma, ga zafi, ga ƙuda, ga ƙafa tana ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. In juya dama, in juya hagu, in kira Inna ta kawo ruwa, ta kawo in ce ba ƙishi nake ji ba. Na haddace duk wata tsaga da ke jikin bangon ɗakin. Har kajin gidan na fara yi wa faɗa ta taga.

Wata Lahadi, bayan an taso daga coci, abokina Yohanna ya shigo da jaka. Tun muna lakkol, wato makarantar boko, muke tare, yanzu yana gyaran salula kusa da tasha. Ya fito da tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da abin riƙewa mai maɓallai da ake kira manet, da abin sawa a kunne mai toshe duk wata ƙara ta waje.

"Inna ta ce ka ishi mutane," in ji shi. "Ga wasa na kawo maka. Jarumi za ka zama, ka yi yawo gari gari, ka yaƙi dodanni. Tun da ƙafarka ta ƙi, sai ka ari tasa."

Ya zauna a gefen katifa ya fara karantar da ni. "Bon, ka saurara. Wannan 'yar sandar ta hagu da ita kake tafiya, ta dama da ita kake juya ido. Wannan maɓalli sara ne, wannan garkuwa, wannan ka mirgina ka kauce. Wannan kuma na yi wa mutane magana ne. Don Allah kada ka haɗa na sara da na magana."

Na ce masa ni da nake kayar da bijimi in yi masa allura, 'yan maɓallai ne za su gagare ni? Da wasan ya nemi in ba jarumin suna, Yohanna ya fita amsa waya, ni kuwa soyayya tana ɗiba ta, na rubuta ANGON RAKIYA da manyan baƙaƙe. Ban san sunan zai riƙa yawo a saman kan jarumin duk inda ya je ba, kuma ba a canja shi.

Ranar farko jarumina bai ga komai ba sai sama da ƙasa. In na tura shi gaba sai ya ɗaga kai yana kallon gajimare, ya je ya manne da bango yana ta gudu a wuri ɗaya. Ya faɗa rijiya. Da ya fito ya sake faɗawa cikinta. Na shiga ƙauyen farko, na ga maƙeri a bakin maƙerarsa, na matsa in gaishe shi kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, sai na zabga masa takobi a ka. Duk ƙauyen suka biyo ni da sanduna, har da wata tsohuwa mai sayar da albasa. (Ita ce ta fara kashe ni a wasan, kuma har yau ina ganin tana da gaskiya.)

A saman allon akwai jan layi, shi ne ran jarumi, da koren layi, shi ne numfashinsa. In ka yi ta sara babu tsayawa numfashin ya ƙare, sai ya tsaya yana haki a gaban abokin gaba kamar jakin da ya hau tudu. Ni kuwa da na ga kura ta taso sai in danna duk abin da yatsa ya taɓa. Akwai 'yan kwalaben magani da ake ajiyewa don ranar wuya, na shanye su tas ina da cikakkiyar lafiya, saboda maɓallinsu yana kusa da na garkuwa.

Na kira Yohanna ina masifa. Ya ce, "Dusuma, Likita, bi a hankali. Ka bari shi ya fara kawo sara, ka tare, sannan ka rama sau ɗaya ka ja baya. Kai matsalarka gaggawa."

Sannu a hankali hannu ya fara faɗawa. Na koyi ɗaga garkuwa, na koyi mirginawa, na daina dukan maƙera. Abinci ya riƙa hucewa a gefena. In aka ɗauke wuta sai in zauna ina kaɗa lafiyayyar ƙafar, ina danna manet ɗin da ba ta aiki. Haka na yi ta ci gaba har na iso wata gada, inda wata mace ta tare hanya. Doguwa ce ƙwarai, kanta ya wuce itatuwa, ga fararen kaya, ga gashi har ƙasa, ga lauje a hannu. Tana da wani suna na Turawa da harshena ya kasa, sai kawai na riƙa ce mata Doguwa. Shara ɗaya take yi mini in faɗi, wasan ya mayar da ni bakin gada, in sake zuwa ta sake sharewa.

Ana cikin haka Gwaggo Hassu, yayar mahaifina, ta zo dubiya daga Lugu da gero da kaza. Gwaggo mace ce da ta san sha'anin iskoki, ba ta ɗaukar maganarsu da wasa. Ordinata kuwa a wurinta kayan aikin gwamnati ne, ba ta ko kalle ta ba. Wata rana da hantsi ta leƙo ta same ni ina gumi ina cizon leɓe.

"Ɗan nan, da wa kake ta hwaɗa tun da sahe?"

Na zame abin kunnen kaɗan, idona a kan allo. "Doguwa ce, Gwaggo. Ta tare mini hanya, ta hana ni sakat."

Gwaggo ta ce, a hankali, "Hwara ko baƙa?"

"Fara ce."

"Ina ta tare ka?"

"A bakin gada."

Ta saki labule ta tafi. Ni ban kawo komai a raina ba, har daɗi na ji wai Gwaggo ta fara sha'awar wasa. Na manta sam cewa Doguwa sunan iska ce a bori, kuma inda na faɗi da moto akwai wata 'yar gada a kan fadama, kuma na ba ta labarin wurin da bakina.

Daga Gwaggo magana ta je wa Inna, daga Inna ta tsallaka katanga, kafin kasuwa ta sake ci ta isa gidan su Rakiya. Mahaifinta, Alhaji Mamman, ɗan kasuwar yadi ne, mutum mai tsananin riƙo da sunna, wanda ko sunan bori ba a ambata a gabansa. Tun farko ma da ƙyar ya amince da ni, sai da ya bincika wa nake bi salla. Rakiya ta kira ni muryarta wata iri.

"Lafiyarka ƙalau kuwa? Kana samun barci?"

"Barci ina? Ko na rufe ido ita nake gani."

"Wa?"

"Wata doguwa ce mai lauje. Amma kada ki damu, na kusa gane lagonta."

Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta kashe waya. (Na ɗauka kishi ne. Har murmushi na yi.)

Washegari bayan la'asar aka kawo wuta. Na juya baya ga ƙofa saboda wurin jona waya yana bangon ciki, na tuɓe riga don zafi, na toshe kunnuwa. Ranar kuwa hannuna ya yi kyau. Na tare, na mirgina, na rama, jan layin Doguwa ya yi ƙasa kamar yadda bai taɓa yi ba. Jikina duka ya shiga faɗan, ina karkata kafaɗa, ina sunkuyar da kai in ta kawo lauje. Bakina kuma bai zauna ba.

"Zo mana. Zo, ai na san ki yanzu. Yau ko ni ko ke! Kin hana ni ci, kin hana ni barci, to wallahi yau sai kin bar mini hanya, tsohuwar banza!"

Sai numfashin jarumi ya ƙare. Ta share ni. Na jefar da manet a katifa, na dafe kai na ce, "Shi ke nan, ta sake kashe ni." Na cire abin kunnen.

A nan ne na ji karatu a bayana. Na waiwaya. Alhaji Mamman yana tsaye a tsakar ɗakin da farar jallabiya, yana karanta Ayatul Kursiyyu yana tofawa ta wajena. Inna tana bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi. A bayanta ga Gwaggo da kaskon turare, tana ɓoye shi kada Alhaji ya gani, hayaƙi kuwa yana tona mata asiri. Daga baya aka ce mini sun yi ta sallama har suka gaji.

Na jawo zanen gado na rufe ƙirji. Na so in durƙusa in gaishe shi, ƙafa ta hana, sai na yi wani irin sunkuyo da ban san sunansa ba.

"Baba, sannu da zuwa. Wasa ne, Baba. Wallahi wasa ne."

"Ka san ni?" in ji shi.

"Na san ka, Baba."

"Wace rana ce yau?"

Ga mutumin da ya daɗe a ɗaki, wannan tambaya ba ta da sauƙi. Na ce Talata. Ashe Alhamis ce. Inna ta ƙara fashewa da kuka.

Na shiga bayani, ina haɗa Hausa da Faransanci, ina nuna ordinata. Na ce doguwar a ciki take, zane ce kawai, Turawa suka yi ta. Alhaji ya matso, ya gyara tabarau, ya ce, "To nuna mini."

Na ɗauki manet. Jarumi ya bayyana a bakin gada. Na yi niyyar zaro takobi, yatsana ya zame ya buɗe wurin kaya, na danna don in fita, na sake dannawa. Da allon ya dawo, sai ga jarumina ya tuɓe sulke da riga da wando, daga shi sai ɗan kamfai. Na ruɗe na danna wani maɓallin, sai ya ɗaga hannu yana yi wa Doguwa gaisuwa. A saman kansa kuwa ga rubutu ɓaro-ɓaro.

Alhaji ya yi lakkol kafin ya shiga kasuwa. Ya sunkuya ya karanta a fili, harafi bayan harafi, "Angon Rakiya." Ya ɗago ya dube ni. "Wanga marar wando, kai ne?"

Kafin in amsa Doguwa ta taho ta share shi da lauje, ya faɗa ruwa.

Na roƙi Allah a ɗauke wuta, abin da ake yi kullum ba tare da an roƙa ba, amma ranar ta zauna daram. Alhaji ya miƙe, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya juya wurin Inna.

"Hajiya, ki share hawayenki. Da iska ce, da mun san abin da za mu karanta. Wannan kuwa rashin aikin yi ne, sai ƙafa ta warke." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba ya ce, "In za ka sa sunan ɗiyata a kan mutum, ka sa masa tufafi."

Gwaggo ba ta gamsu ba. Da ya fita ta shigo ta zagaya ordinatar da turare, ta ce ko a cikin kwali take, doguwa doguwa ce, ba a ce mata tsohuwar banza. Ta sa na ba da haƙuri, ni kuwa a halin da nake ciki ko kazar da ta kawo aka ce in ba haƙuri zan ba ta.

Rakiya ta yi kwanaki ba ta ɗaga wayata ba, wai ƙannenta sun hana ta sakat da dariya. Yohanna da ya zo ɗaukar kayansa sai da ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Aure dai an ɗaura shi bayan kaka, da ƙafata na je. Amma har yau in na shiga rumfar Alhaji gaisuwa, ya kan dube ni daga sama har ƙasa kafin ya amsa, kamar mai tabbatar da cewa komai yana jikina.

Abin da na koya bai da yawa. In babba ya tambaye ka da wa kake faɗa, ajiye abin da ke hannunka ka dube shi, ka yi masa bayani tun daga farko. In kuma faɗan da abin da kai kaɗai kake gani ne, to ka fuskanci ƙofa, ka bar kunne ɗaya a buɗe.