Sarkin Dannau da Tiren Baba Ilu

Duk wanda ke zaune tsakanin garuruwan Lanham da Greenbelt a Amurka bai san Malam Abdulhamid Gaji ba, to ya binciki zamansa. Nas ne, amma kada ka kuskura ka tsaya a nan. Masu jinya suna da yawa, su wanke ciwo, su juya maras lafiya, su tafi gida ba wanda ya san sunansu. Shi kuwa a shekarar da asibitinsu ya kwashe fayil-fayil na takarda ya koma kwamfuta, shi aka tura kwas na 'yan kwanaki. Ya tafi da ƙafafunsa kamar kowa, ya dawo da koriyar riga mai rubutu a baya da takun wanda ya ƙera na'urar da hannunsa. Matan gari suka naɗa shi Sarkin Dannau. Da labari ya kai masa sai ya ɗauka sarauta ce, bai musa ba.

Kwamfutar tasa a kan wani keken turawa take. Haka zai yini yana tura ta daga wannan ƙofa zuwa waccan kamar ɗan garuwa da kurarsa, sai dai ita wannan kura sunanta "ofishina". Kansa a sunkuye, yatsu na rawa. In ka gaishe shi zai ɗaga maka yatsa ɗaya, wato ka jira, ilimi na aiki.

Ba ya rowar hikimarsa, Allah ya saka masa. A taron suna a Gaithersburg, ana cikin rabon waina, ya miƙe ba wanda ya kira shi, ya gyara hula.

"Jama'a, zamanin surutu ya wuce. Mu a can gida sai gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, har maras lafiya ya cika ana gaisawa. A nan kuwa abin da bai shiga kwamfuta ba bai faru ba. Abin da ya shiga kuma, ko likita bai isa ya ce bai faru ba."

Aka tafa masa, don a samu ya zauna miya ba ta huce ba.

Abokiyar aikinsa Nanret, 'yar Filato, ta taɓa tare shi da safe za ta miƙa masa aiki, ta fara ba shi labarin wata tsohuwa da ta tashi tana kuka. Ya dakatar da ita da yatsan nan nasa.

"Sista, kin shigar?"

"Kukan zan shigar, Malam?"

"In babu gurbinsa a allo, ba lamarin jinya ba ne."

To, abin da ke gaban Sarkin Dannau a wannan shekara shi ne kujera. Asibitin zai buɗe sabon ofishin kula da bayanan jinya, da ƙofa mai rufuwa da suna a jikin ƙofar. Tuni ya gaya wa matarsa ta daina cewa mijinta nas ne. Sharaɗin kawai shi ne manyan asibiti za su zagayo su ga yadda yake aiki. Don haka ya zaɓi ɗaki ɗaya mai gado biyu ya mai da shi abin nuni, ya roƙi a bar masa shi a hannunsa, don kada wani mai ƙaramin sani ya ɓata masa tsari.

A gado na farko akwai Mista Alexander, Ba'amurke, tsohon direban bas mai ciwon suga, wanda likita ya ɗora a kan abinci ɗan mitsitsi marar gishiri marar daɗi. A gado na biyu Baba Ilu ne, dattijo daga Katsina, wanda 'yarsa ta kawo aka yi masa aiki a ƙugu. Ba ya jin Turanci ko na sayen burodi. Da ya ga suna Abdulhamid a ƙirjin koriyar riga sai ransa ya yi fari.

"Ɗana, zo ka ji wata magana."

Sarkin Dannau ya amsa masa da Turanci, cikin hanci, cewa minti ɗaya. Hausa ai ta taron suna ce, ba a shiga da ita ofis. Ya kama hannun dattijo, ya haska abin wuyan hannun da 'yar na'urarsa, ta ce ƙit, ya dangwara masa ƙwayoyi a ɗan kofi, ya tura kura ya yi gaba. Kullum haka. Wuyan hannun Baba Ilu kam ya san shi ciki da waje.

Ana haka watan azumi ya kama, a tsakiyar zafi, lokacin da rana a ƙasar nan ba ta faɗuwa sai ta ga dama. Ba wanda ya kai Malam Abdulhamid sanin an shiga azumi, don babu wanda bai gaya wa yana yi ba. Mai shara ta sani, mai gadin ƙofa ya sani.

"Ku dube ni," in ji shi a ɗakin hutu, yana kallon masu shan kofi da tausayi. "Ko ɗigon ruwa babu, amma ban tsallake gurbi ɗaya ba. Horo ke nan."

Baba Ilu ma ya ɗauki azumin. An ce masa maras lafiya yana da sassauci, ya ce wannan maganar yara ce, shi tun da ya yi wayo bai taɓa sha ba. Abin da yake ta kiran Malam Abdulhamid ya gaya masa ke nan: a riƙa ajiye masa abincin sai magariba, don nan tiren dare ma da rana tsaka ake kawo shi, a kwashe tun rana na sama. Da bai samu mai saurare ba sai ya duba gadon maƙwabcinsa, ya ga bawan Allah yana lashe cokali yana hararar kwano. Ya tura masa tiren da sanda. Sadaka a watan azumi, ina laifi? Ƙwayoyin kuma ya ƙulle a bakin zane, sai rana ta faɗi ya kora su da ruwa da ɗan dabino.

Sarkin Dannau ya leƙo, ya ga tire biyu fes kamar an wanke, ya danna: ya cinye duka, ya cinye duka. Baba Ilu yana ramewa, ciwon ya ƙi haɗuwa. Mista Alexander yana sheƙi, sugansa na hawa, likita na ƙara magani yana sosa ƙeya. A allo kuwa komai kore shar, gwanin sha'awa.

Ranar zagaye Sarkin Dannau ya goge rigarsa har tana ɗaukar ido. Ya tsayar da shugabar masu jinya da manyan likitoci a bakin ɗakin, ya juya musu allo.

"Ba na buƙatar shiga ɗakin nan kafin in san abin da ke ciki. Ga shi a gabanku. Wannan dattijo, duk da tsufa da baƙunta, bai taɓa barin loma ba."

Ya tura ƙofa da kansa, da alfahari. Mista Alexander na zaune da tire biyu a cinya, ya gama da nasa, yana tsakiyar cinyar kazar maƙwabci. Baba Ilu na jan carbi, leɓe a bushe, idanu sun faɗa.

Shugabar ta yi tambaya, Baba ya dube ta. Ta juya ta ce ai ta ji an ce yarensu ɗaya da Abdulhamid, ya fassara. Ya yi gyaran murya, ya lalubo Hausar da ya bari a mota.

"Baba, wai... wai me ya sa ba ka cin abinci?"

Dattijo ya saki carbi. "La ilaha illallahu! Ashe kana ji? Ni na ɗauka sunan kawai ka gada. To gaya mata azumi nake. Kai ba ka yi ne?"

"Ina yi, Baba."

"Madalla. Ka gaya mata kuma kada a yi maka faɗa, yaro ne mai ƙoƙari, kullum yana kallon talabijin ɗinsa. Ɗago kai in ga fuskarka, ɗana, ko a hanya muka haɗu in gane ka."

Haka Sarkin Dannau ya tsaya ya juya maganar nan zuwa Turanci da bakinsa, jimla bayan jimla, Mista Alexander na gyaɗa kai yana suɗe ƙashi.

Kafin la'asar an kira likita da 'yar Baba, an sauya masa lokacin abinci da magani, an mai da direban bas kan ɗan kwanonsa yana ƙunƙuni. Kujerar kuwa aka ba wata, da ƙofarta da sunanta. Shi kuma aka umarce shi ya koma kwas, ya koyi yadda ake magana da maras lafiya.

A kwamfuta ake yin kwas ɗin. Ya zo na ɗaya. Satifiket ɗin na nan rataye a falonsa, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa kafin a gaisa.